Wanda ya sha ƙasa shi aka ɗaga wa hannu: Yadda alƙalan boksin ke ƙirga makin da ke raba kan 'yan kallo

A daren 28 ga watan Oktoban 2023, a birnin Riyadh na Saudiyya, Francis Ngannou ɗan ƙasar Kamaru ya saki wani naushi da hannun hagu a turmi na uku, sai ga Tyson Fury zaune a ƙasa. Fury shi ne mai riƙe da kambun WBC na ajin masu nauyi a lokacin, kuma ba a taɓa doke shi ba. Ngannou kuwa ranar ce ya fara shiga fagen damben boksin na ƙwararru.

Fury ya miƙe, aka ci gaba har aka cika turmi goma. Da aka karanta takardun alƙalai, Ed Garner ya bai wa Ngannou nasara da maki 95 da 94. Alan Krebs ya bai wa Fury da 95 da 94, shi kuma Juan Carlos Pelayo ya bai wa Fury da 96 da 93. Biyu sun rinjayi ɗaya, aka ɗaga hannun Fury.

Har yanzu ba a gama gardama a kan wannan hukunci ba. Ga duk wanda ya tashi a Tahoua ko Keita ko Illela yana kallon kokowa, tambayar ɗaya ce: ta yaya mutumin da ya sha ƙasa a gaban idon duniya zai zama shi ne gwani?

A wurinmu ƙasa ce alƙali

A Tahoua aka fara gasar kokowa ta ƙasar Nijar a shekarar 1975, zamanin Seyni Kountché, inda Kantu na Maradi ya ɗauki takobi. Tun daga nan gasar ke zagaya jihohi, kowace daga cikin jihohi takwas na kawo 'yan kokowa goma. Wanda ya taɓa zama a filin kokowa na Hamidine Maïdaré ya san yadda ake raba gardama: idan aka yi kaye, tsoho da yaro, makaɗi da mai sayar da ruwa, kowa ya gani a lokaci guda. Alƙali yana tabbatar da abin da jama'a suka riga suka shaida ne.

Damben gargajiya ma haka yake. Ɗan dambe ya naɗe hannu ɗaya da zare, ɗayan ya zama garkuwa, a yi turmi uku. Idan hannu ko gwiwar abokin karawa ta taɓa ƙasa, an yi kisa, magana ta ƙare. Idan kuwa aka gama babu wanda ya faɗi, sai a ce turmi uku babu kisa, a raba su, kowa ya koma ɓangarensa. Damben Hausa bai ɗora wa kowa nauyin cewa wane ya ɗan fi wane ba.

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa labarin Ngannou ke taɓa zuciyar mutanen Adar. Yanki ne da ci-rani ya zama jinin jikinsa, kusan kowane gida akwai wanda ke Abijan ko Legas ko Libiya ko Aljeriya. Ngannou ma ɗan hanya ne. An haife shi a Batié da ke yammacin Kamaru, ya yi aikin haƙar yashi tun yana yaro. Ya ratsa Najeriya da Nijar da Aljeriya zuwa Maroko, ya tsallaka Sifaniya a 2013, aka tsare shi kimanin wata biyu, daga baya ya isa Paris yana kwana a titi. A watan Maris na 2021 ya doke Stipe Miocic ya zama zakaran UFC na masu nauyi. Ɗan ci-rani da ya ga irin wannan mutum ya kai zakaran duniya ƙasa amma aka ce bai ci ba, abin da zai fara zo masa a rai shi ne an yi wa baƙo abin da aka saba yi wa baƙo.

Sai dai kafin a yanke hukunci a kan alƙalan, ya kamata a san ƙa'idar da suka yi aiki da ita.

Kowane turmi da nasa lissafi

A damben boksin na ƙwararru mutum huɗu ne ke hukunci. Rafali yana cikin fage, shi ke raba su idan sun rungumi juna, shi ke ƙirga goma, shi ke cire maki idan an yi laifi. Alƙalan maki uku kuma suna zaune a ɓangarori daban-daban na gefen fage, ba sa shawara da juna.

Kowane turmi minti uku ne. Da an kaɗa ƙararrawa, kowane alƙali zai rubuta makin wannan turmin ya miƙa takarda, kuma ba ya da damar komawa ya gyara. Ƙa'ida ta ce dole wanda ya ci turmi ya samu maki 10, wanda aka rinjaya yawanci 9. Idan aka kai mutum ƙasa sau ɗaya, sai ya koma 8, idan sau biyu ne 7. A ƙarshe a tara.

Ma'ana, damben turmi goma tamkar ƙananan wasanni goma ne. Wanda ya ci turmi da kyar, da wanda ya yi wa abokin karawarsa lilis ba tare da ya kai shi ƙasa ba, sau da yawa duka 10 da 9 ake rubuta musu. Faɗuwar da a damben gargajiya take rufe zance, a nan ƙarin maki ɗaya kawai take jawowa.

Idan aka warware takardun Riyadh da wannan ma'auni, ga abin da ke fitowa. Garner ya raba turmi biyar-biyar, sai faɗuwar Fury ta bai wa Ngannou rinjayen maki ɗaya. Krebs ya bai wa Fury turmi shida, Ngannou huɗu. Pelayo ya bai wa Fury bakwai, Ngannou uku. Da a ce Krebs ya juya turmi ɗaya tak zuwa ga Ngannou, da takardarsa ta zama irin ta Garner, da ɗan Kamaru ne ya yi nasara. Minti uku a idon mutum ɗaya, shi ne tazarar da ke tsakanin abin da ya faru da abin da zai zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan mamaki a tarihin boksin.

Me alƙali ke dubawa?

Abubuwa huɗu ake koya wa alƙalan maki su lura da su: naushin da ya sauka tsaf, kai farmakin da ke haifar da sakamako, iya juya fage yadda mutum ke so, da kuma kare kai. Na farkon shi ne mafi nauyi. Matsalar ita ce babu wani sikeli da ke faɗin naushi mara nauyi nawa ne ke daidai da naushi mai nauyi guda.

A nan ne damben Riyadh ya zama abin koyarwa. Ƙididdigar kamfanin CompuBox ta nuna Fury ya saukar da naushi 71, Ngannou 59. Amma a naushi masu nauyi Ngannou ne a gaba, 37 da 32. Alƙalin da ke ƙirga yawan taɓawa zai karkata ga Fury, wanda ya riƙa tsikarin abokin karawarsa daga nesa da doguwar hannunsa. Wanda ke duba naushin da ke girgiza mutum zai karkata ga Ngannou. Dukansu biyun suna iya kare matsayinsu da littafin ƙa'ida ɗaya.

Wurin zama ma na da tasiri. Alƙali na kallo ne daga ƙasa, ta gefe guda, wani lokaci bayan ɗan dambe ko jikin rafali ya tare masa. Ba ya ganin maimaici, ba ya jin mai sharhi. Mai kallo a gidan kallo ko a waya kuwa yana gani ta kyamarori da yawa, ana maimaita masa faɗuwar sau biyar, mai sharhi na faɗa masa wanda ke gaba. Sannan ga ihun jama'a, wanda kan sa naushin da ya sauka a kafaɗa ya yi kama da wanda ya sauka a haɓa.

Akwai kuma abin da zuciya ke yi. Kusan kowa ya zaci Fury zai gama da Ngannou cikin sauƙi. Da hakan bai faru ba, duk turmin da Ngannou ya tsaya daram sai ya zama kamar nasara a idon masu kallo. Wuce zato daban, cin turmi daban. A ɗaya ɓangaren, masu sukar alƙalai na cewa suna da girman zakara kan sa a ba shi turmin da ke da shakku. Duka biyun na faruwa, kuma babu na'urar da ke auna su.

Inda kuɗi ke shigowa

Da a ce bambancin fahimta ne kaɗai, da zargin bai yi ƙarfi haka ba. Abin da ke hura wutar shi ne tsarin sana'ar kanta. Boksin ba shi da hukuma ɗaya tilo kamar FIFA. Akwai manyan ƙungiyoyi huɗu masu ba da kambu, WBC da WBA da IBF da WBO, kuma suna karɓar kaso daga kuɗin wasannin kambunsu. Hukumar dambe ta wurin da ake wasa ce kan naɗa alƙalai, amma a wurare da yawa mai shirya wasa ne ke ɗaukar nauyin kuɗin aikinsu da masaukinsu. Shi kuma mai shirya wasa yawanci yana da ɗan damben da ya fi so ya ci.

A batun Riyadh, tun kafin a shiga fage an riga an sanar cewa Fury ya sa hannu zai kara da Oleksandr Usyk na Yukren domin haɗe kambunan masu nauyi baki ɗaya. Ko da yake kambun Fury ba ya cikin abin da ake nema a daren, shan kaye a hannun sabon shiga zai rage wa wancan babban wasa daraja. Babu wata hujja da aka taɓa gabatarwa cewa an saye wani daga cikin alƙalan uku. Amma idan tsari ya bar ƙofar zato a buɗe, ba za a hana jama'a leƙawa ba.

Abin da hukuncin alƙali ke juyawa ba ƙarami ba ne. Shi ke faɗin wanda zai hau jerin gwanaye, wanda za a kira babban wasa na gaba, da nawa za a biya shi. Ngannou ya yi sa'a, rashin nasarar bai rage shi da komai ba: WBC ta sa shi na goma a jerinta, ya kuma samu wasa da Anthony Joshua a ranar 8 ga Maris na 2024, inda Joshua ya gama da shi a turmi na biyu. Ƙaramin ɗan damben da ya bar Accra ko Legas ko Yamai ya je ƙasar wani aka danne masa wasa, babu kyamarar duniya a kansa. Asara kawai za a rubuta a takardarsa, farashinsa ya faɗi.

Ba yau farau ba

A ranar 13 ga Maris na 1999 a Madison Square Garden da ke New York, yawancin masu kallo sun ga Lennox Lewis ya fi Evander Holyfield. Stanley Christodoulou na Afirka ta Kudu ya bai wa Lewis 116 da 113, Larry O'Connell ya rubuta 115 da 115, Eugenia Williams kuma ta bai wa Holyfield 115 da 113. Aka tashi kunnen doki. Hayaniyar ta kai ga bincike, aka sake wasan a watan Nuwamba, Lewis ya ci.

A watan Satumban 2017 a Las Vegas, Gennady Golovkin da Canelo Alvarez sun yi wasan da ya yi kusa ƙwarai. Alƙali ɗaya ya bai wa Golovkin 115 da 113, ɗaya ya ce 114 da 114, amma Adalaide Byrd ta rubuta 118 da 110 ga Canelo, wato turmi goma cikin sha biyu.

Kuma ba kullum ne ɗan Afirka ke zama wanda aka cuta ba. A watan Yunin 1991, Azumah Nelson na Ghana ya tsira da kambunsa bayan an ce sun yi kunnen doki da Jeff Fenech na Ostireliya, alhali mafi yawan masu sharhi na ganin Fenech ne ya ci. Sai a 2022 WBC ta sake duba wasan ta bai wa Fenech kambu, bayan shekara 31. A watan Satumban 2006, Samuel Peter na Najeriya ya doke James Toney da rinjayen alƙalai biyu cikin uku, ƙorafi ya yi yawa har WBC ta ba da umarnin a sake. A karo na biyu, a Janairun 2007, Peter ya ci ba tare da gardama ba.

Mafi muni a tarihi ya faru ne a damben Olamfik. A Seoul a 1988, Roy Jones Jr. na Amurka ya saukar da naushi 86, Park Si-hun na Koriya ta Kudu mai masaukin baƙi ya saukar da 32, amma alƙalai uku cikin biyar suka bai wa Park zinare. Bayan fiye da shekara talatin, Park ya je har gidan Jones a Amurka ya miƙa masa lambar.

Magungunan da aka gwada

Abin kunyar Seoul ya sa daga gasar Barcelona ta 1992 aka koma danna maɓalli: alƙalai biyar, sai uku sun danna cikin daƙiƙa ɗaya kafin a ƙirga naushi. Tsarin ya haifar da tasa matsalar, domin 'yan dambe sun koma taɓa-ka-gudu, naushin ciki kuma ba a cika ƙirga shi ba. Aka watsar da shi aka koma tsarin maki goma. A gasar Rio ta 2016 ƙorafi ya sake tashi, aka dakatar da dukkan rafali da alƙalai 36 da suka yi aiki. Binciken Farfesa Richard McLaren da aka fitar a 2021 ya gano cewa an shirya sakamakon wasu wasanni. A watan Yunin 2023 kwamitin Olamfik na duniya ya janye amincewarsa da hukumar IBA.

Wannan ya shafi Nijar kai tsaye, domin lambobinta biyu na Olamfik duka daga wasannin faɗa suka fito: tagullar Issaka Daboré a boksin a Munich a 1972, da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a taekwondo a Rio a 2016. A taekwondo an rage gardama ta hanyar sa rigar kariya mai na'ura da ke ƙirga bugu. Boksin bai samu irin wannan mafita ba, saboda ana auna ingancin naushi ne, ba taɓawa kaɗai ba.

A ɓangaren ƙwararru, WBC na amfani da tsarin bayyana maki bayan turmi na huɗu da na takwas a wuraren da hukumomi suka yarda. Masu goyon baya na cewa ɗan dambe na da haƙƙin sanin inda yake. Masu suka na cewa wanda ya san yana gaba sai ya koma gudu. Wasu na neman a ƙara alƙalai zuwa biyar, wasu na so a riƙa ba da 10 da 8 ko da ba a faɗi ba idan rinjaye ya fito fili. A karawar Usyk da Fury ta biyu, ranar 21 ga Disamban 2024, an gwada alƙalin kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira, ba tare da an sa makinsa a hukunci ba. Ya bai wa Usyk 118 da 112, mutanen uku kuma kowannensu ya rubuta 116 da 112. Fury bai yarda da ko ɗaya ba.

Abin da ya rage wa namu fagen

Kokowa da dambe ma suna sauyawa. Gasar takobi yanzu tana da ƙayyadadden lokaci, ana kuma ba da gargaɗi ga ɗan kokowar da ke ƙin kamawa, kuma gargaɗin kan iya raba wasan da ba a yi kaye ba. Daga lokacin da aka ce ra'ayin alƙali na iya fitar da mutum daga gasar da ake kallo a talabijin, da kyautar miliyoyin sefa da sunan jiha a kai, to an shigo unguwar da boksin ya daɗe a ciki. Dambe ma ya bar zama wasan kaka na mahauta kawai. Ana yin sa a gidajen dambe na Kano da Dei-Dei a Abuja, ana sa mota a matsayin kyauta, miliyoyi na kallo a YouTube da Facebook. Mai zuba kuɗi da mai kallo daga nesa ba sa son jin babu kisa, suna son a faɗa musu wanda ya ci.

Idan har za a bi wannan hanya, tarihin boksin ya riga ya nuna ramukan da ke kanta. A rubuta ƙa'ida da harshen da ɗan wasa da ɗan kallo ke ji, a karanta ta kafin a fara. Kada mai shirya wasa ya zama shi ke zaɓen alƙali kuma shi ke biyansa hannu da hannu. Kada alƙali ya yi hukunci a wasan jiharsa ko ɓangarensa. A bayyana takardar kowane alƙali da sunansa bayan wasa, a kuma samar da inda za a kai ƙara a duba bidiyo cikin kwanaki, ba bayan shekara 31 ba.

Ga masu gardama a fada kuwa, akwai gwajin da kowa zai iya yi. Wasan Fury da Ngannou na nan a intanet. A kashe sauti, a ɗauki takarda da biro, a rubuta makin kowane turmi da zarar ya ƙare, ba tare da komawa a goge ba. Idan mutum biyar suka yi haka a zaune wuri ɗaya, da wuya takardunsu su zo daidai, kuma za a ga cewa gardamar ba a kan turmi na uku take ba, tana kan turmi biyu ko uku ne da babu wanda ya tuna da su washegari.